Ƙanƙarar Antaktika da gaɓar Bahar Maliya: da wane adadi za mu yi lissafi?

Ɗan Karantina, Jidda

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, musamman injiniyoyinmu da malaman teku. Tambayata ta aiki ce.

A ce za a yi gini a bakin Bahar Maliya, katangar tare ruwa da 'yan ɗakunan shaƙatawa can arewa da Abhur ta Jidda. Dole mai tsarawa ya rubuta wa muƙawil, wato ɗan kwangila, abu biyu: tsayin da za a ba katangar, da tazarar da za a bari tsakanin ruwa da tushen gini. To rahotannin da ake kafa hujja da su ba bakinsu ɗaya ba. Wannan ya ce teku zai hau da santimita 30 kafin 2100, wancan ya ce mita 1, wani ma har mita 2, kuma duk suna jingina wannan saɓani ga ƙanƙarar Antaktika da ta Girinlan.

Me ya sa masana suka kasa tsayar da magana ɗaya? Kuma idan tazarar ta kai haka, ta yaya ake juya ta zuwa mitocin da teku zai ci daga gaɓa? Mai kuɗi ba ya karɓar "tsakanin kaza da kaza", lamba ɗaya yake so. Wacce zan ba shi? Allah ya saka da alheri.

Malamar Teku, Tuwal

Wa alaikumus salam. Malam, mu fara raba ƙanƙarar gida biyu, domin nan ake yawan rikicewa. Wadda ke yawo a kan tekun ƙuryar arewa, da ake nunawa a talabijin tana raguwa duk shekara, narkewarta kusan ba ta ƙara wa teku komai. Kamar ƙanƙarar cikin kofin zoɓo ce, ta riga ta ci wurinta. Mai damunmu ita ce wadda ke zaune a kan ƙasa. Ta Girinlan, in ta narke kaf, teku zai hau da wajen mita 7.4. Ta Antaktika wajen mita 58. Ba mai cewa wannan zai faru a zamanin jikokinmu. Na kawo adadin ne don ka ga cewa kashi 1 cikin 100 na Antaktika kaɗai ya haura rabin mita.

Riƙe wannan ma'auni: tan biliyan 360 na ƙanƙara shi ne milimita 1 a duk tekunan duniya. Taurarin ɗan'adam na GRACE, da suka fara auna nauyin ƙanƙarar daga sama a 2002, sun nuna Girinlan tana asarar wajen tan biliyan 270 a shekara, Antaktika wajen 150. Haɗa su, ka raba, za ka ga sun ɗan wuce milimita 1 a shekara. Ragowar hauhawar daga kumburar ruwa ne in ya ɗumama, da ƙanƙarar kan duwatsu irin ta Himalaya da Alaska, da ruwan ƙarƙashin ƙasa da muke zuƙowa ya ƙare a teku.

Rahoton IPCC, kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2021, ya ce teku ya hau da santimita 20 tsakanin 1901 da 2018. Gudun kuma ƙaruwa yake yi: milimita 1.3 a shekara kafin 1971, ya koma 3.7 tsakanin 2006 da 2018. Hasashensa na 2100 kuwa, in an rage hayaƙi ƙwarai, santimita 28 zuwa 55. In an tsaya tsaka-tsaki, 44 zuwa 76. In aka sake wa hayaƙi linzami, santimita 63 zuwa mita 1.01. Sai ya ƙara da cewa ba za a iya kore yiwuwar kusan mita 2 a 2100 da mita 5 a 2150 ba. Ka ga lambobin da ka gani duk daga gida ɗaya suka fito, kowa ya tsinci wadda ta yi masa.

Rashin tabbas ɗin iri biyu ne. Na farko ba na kimiyya ba ne ma, na abin da gwamnatoci za su yi da mai da gawayi ne. Na biyu shi ne halin ƙanƙarar kanta, kuma kusan duk rigimar a Antaktika ta Yamma take. Can ƙanƙarar tana zaune ne a kan ƙasa mai siffar tasa: bakin a sama, tsakiyar a ƙasa, wani wurin ma fiye da kilomita 2 ƙarƙashin matakin teku. A bakin tasar ƙanƙarar ta miƙe kan ruwa kamar baranda, kuma wannan barandar ita ce tokarin da ke rage gudun abin da ke bayanta. Ruwa mai ɗan ɗumi yana shiga ta ƙarƙashi yana cin barandar. In layin da ƙanƙara ke taɓa ƙasa ya ja baya, sai ya faɗa wuri mafi zurfi, inda ƙanƙarar ta fi kauri, ita kuwa mai kauri ta fi saurin kwarara, sai layin ya ƙara ja baya. Abin yana ciyar da kansa. Kogin ƙanƙara na Thwaites, mai faɗin wajen kilomita 120, shi kaɗai yana riƙe da santimita 65, kuma shi ne ƙofar wani yanki da ya haura mita 3. An ga abin da cire tokari ke yi: a 2002 barandar Larsen B ta Antaktika ta wargaje cikin 'yan makonni, wasu kogunan ƙanƙara da ke bayanta suka ninka gudunsu har sau takwas.

Mita 2 ɗin nan kuwa daga wata hanya ce daban. A 2016 masana biyu, DeConto da Pollard, suka ce in baranda ta tafi ta bar tsayayyen bangon ƙanƙara da ya kai wajen mita 100 sama da ruwa, bangon ba zai iya ɗaukar nauyin kansa ba, zai riƙa ruftawa kamar gefen kududdufin da aka haƙa a tsaye, wani bayan wani. Da suka sa wannan a lissafi, Antaktika ita kaɗai ta ba da fiye da mita 1 kafin 2100. A 2019 Tamsin Edwards da abokan aikinta suka nuna ana iya bayyana tarihin hauhawar teku ba tare da wannan ruftawar ba, adadin ya faɗo ƙasa sosai. Ba a taɓa ganin abin yana gudana a fili a wannan girman ba, ba a kuma tabbatar ba zai yiwu ba. Shi ya sa IPCC ta ware shi gefe, ba ta cuɗa shi da sauran lambobin ba.

Abin da zai fi yi maka amfani: zuwa 2050 duk hanyoyin sun taru tsakanin santimita 15 da 29, a kan matakin 1995 zuwa 2014. Bayan nan ne suke rabuwa. Kada kuma nisa ya ruɗe ka. Tulin ƙanƙara yana janyo ruwan teku kusa da shi da ƙarfin nauyinsa. In ya ragu, ruwan da ke kusa da shi sauka yake yi, ya watsu zuwa nesa. Wanda ke nesa ba ya tsira da komai, wasu wuraren ma sun fi matsakaicin duniya samu.

Injiniyan Gaɓa, Yanbu

Malama ta share fage. Ƙanena, ga yadda ake juya santimita zuwa mitocin gaɓa.

Abin da kusan kowa ke fara ɗauka shi ne ƙa'idar Bruun ta 1962. Tunaninta shi ne gaɓar yashi tana da siffar da take komawa kullum. In ruwa ya hau, igiya za ta kwashe yashin sama ta zuba a ƙasan ruwa har siffar ta dawo, amma a matse ta baya. Abu uku kake aunawa: zurfin da igiya ke daina motsa yashi, nisan wannan wuri daga baki, da tsayin tudun yashin da ke bayan baki. Ka raba nisan da jimillar zurfi da tsayi, abin da ya fito ka ninka da hauhawar teku.

A ce zurfin mita 6 ne, a nisan mita 400, tudun kuma mita 2. Wato 400 a raba da 8, an sami 50. Santimita 25 za ta ci mita 12.5. Santimita 60, mita 30. Mita 1, mita 50. Mita 2, mita 100. Yawancin gaɓar yashi tana faɗawa tsakanin ninki 50 da 100. Nan ne amsar tambayarka ta biyu: gaɓa ninka rashin tabbas take yi. Saɓanin mita ɗaya da rabi tsakanin masana ƙanƙara ya zama saɓanin mita 75 zuwa 150 a filin mai kuɗinka.

Kuskure biyu nake yawan gani a rahotannin da ake miƙa wa baladiyya, wato hukumar gari. Na farko, a ɗauki saman zangon IPCC a kira shi "mafi muni". Ba haka ba ne. Zangon da suka kira mai yiwuwa yana nufin kashi biyu cikin uku ne kawai, saura kashi ɗaya na waje, kuma wutsiyar sama ta fi ta ƙasa tsawo saboda ƙanƙarar nan. Na biyu, a manta lambobin daga matakin 1995 zuwa 2014 suke farawa, a ɗora su kan matakin bana. Wani ɓangare ya riga ya shigo.

Lamba ɗaya kuwa, a gaya wa mai kuɗi tana fitowa ne daga shekarun da ginin zai yi da kuma asarar da za a yi in ya gaza. Ɗakin shaƙatawa na shekara 25 zuwa 30, santimita 30 ta wadatar, rigimar Antaktika ba ta ma shafe shi sosai ba. Katanga ko hanya ta shekara 50, ni zan ɗauki santimita 60. Matatar ruwan sha, tashar lantarki, tashar jiragen ruwa, abin da ba ya ƙaura kuma gari ya dogara da shi: a tsara da mita 1, a gwada tsarin da mita 2 a ga me zai fara mutuwa.

Mai Awon Ƙasa, Bur Sudan

Yallaɓai Injiniya, a yi mini afuwa, rabon lambobin da ka yi na yarda da shi, amma Bruun a Bahar Maliya ban yarda ba. An gina ƙa'idar ne a kan gaɓar da yashi ne tun daga tudu har zurfi. Namu bakin, ta nan Sudan da ta can wajenku, yawanci ba haka yake ba. Ka tsaya a gaɓa kusa da Sawakin ka duba: ɗan siririn yashi, sai dandamalin murjani, dutsen da ƙananan halittun teku ke ginawa, mai ruwa iya gwiwa ya miƙe ɗaruruwan mitoci, sai farin layi inda igiya ke fashewa, bayansa kuma ruwa ya yi shuɗi ƙirin, zurfi ya faɗa kai tsaye. Ina za ka sa zurfin da yashi ke daina motsi a nan? Duk lambar da ka sa, kai ka ƙirƙire ta. Ko a gaɓar yashi ma masana sun yi ta sukarta. Da aka buga wani bincike a 2020 mai cewa kusan rabin gaɓar yashin duniya na iya ɓacewa kafin ƙarshen ƙarni, Cooper da abokansa sun mayar da martani cewa gaɓar da ke da fili a bayanta matsawa take yi, ba ɓacewa ba. Wadda aka tokare da siminti ita ke ɓacewa.

A gaɓar murjani lissafin na zurfin ruwa ne a kan dandamalin. Igiya ba ta iya wuce wajen rabin zurfin ruwan da take tafiya a kai a irin wannan wuri. In zurfin santimita 50 ne, igiyar da za ta iso baki ba za ta wuce santimita 25 ba, ko da kuwa ta waje ta kai mita 2. Ƙara santimita 25 na hauhawa: zurfi 75, igiya 37, ƙarfin bugun igiyar ya haura ninki biyu, domin ƙarfi yana bin tsayi a ninka da kansa. Ƙara santimita 50: igiya ta ninka, ƙarfi ya zama ninki huɗu. Nauyin dutsen da za a jera a gaban katanga kuwa tsayin igiya a ninka da kansa sau uku yake bi, a lissafin Hudson, wato ninki takwas. Dutsen kilo 100 ya koma na kilo 800. Wannan ninkawar ta fi ta Bruun tsanani, kuma ba ta buƙatar mita 2.

Sai dai murjani rayayye ne, yana iya tashi da 'yan milimitoci a shekara in yana da lafiya. Nan gudun hauhawar ya fi jimillarta muhimmanci. Milimita 4 a shekara wani abu ne, milimita 20 da ake buƙata kafin a kai mita 2 wani abu ne daban. In kuma zafi ya sa murjanin ya yi fari ya mutu, kamar yadda aka gani a kudancin Bahar Maliya a 2015, dandamalin zaizayewa yake yi, ya kuma yi santsi, zurfi ya ƙaru ta ƙasa yayin da ruwa ke hawa ta sama. Itatuwan shora, masu tsirowa cikin ruwan gishiri a bakin teku, su ma haka: binciken tarihin laka ya nuna da wuya su bi teku in gudun ya wuce milimita 6 zuwa 7 a shekara. Namu na nan kuwa raƙuma ma ba su bar su sun huta ba.

Sabka kuma nata labarin daban. Fili ne mai gishiri, shimfiɗaɗɗe kamar faifai. In gangarensa mita 1 ne a kilomita 1, santimita 50 za ta shigar da ruwa mita 500. Wannan ba zaizaya ba ce, malala ce. A nan ake cutar mutane da taswira: a ɗauko bayanan tsayin ƙasa na kyauta na SRTM, da aka auna da rada daga sararin samaniya a 2000, kuskurensa na tsaye ya kai mitoci, a shafa shuɗi a kai a ce ga inda santimita 50 za ta kai. Awon ya fi abin da ake aunawa kuskure. Ko dai a tashi jirgi mai awon haske, wanda kuskurensa ke wajen santimita 10 zuwa 15, ko a shiga da ƙafa da GPS na masu awo, mai santimita 2 zuwa 3.

Sai maganar sifili, wato matakin ruwan da ake fara awon tsayi daga kansa. Jidda da Bur Sudan suna tsakiyar Bahar Maliya, inda cika da janyewar kullum ba ta wuce santimita 20 zuwa 30 ba. Amma tsakanin hunturu da tsakiyar zafi matakin yana bambanta da abin da ya kai rabin mita, saboda iska da tururi: sama a Disamba da Janairu, ƙasa a Agusta. Mai awon da ya je a Agusta ya kafa sifilinsa a bakin ruwan da ya gani ya riga ya yi asarar abin da ya fi hasashen 2050 gaba ɗaya. A ɗaure awo da ma'aunin matakin ruwa na tashar jirgi mai dogon tarihi. Shekara 19 ake so don kafa matsakaici, saboda zagayen wata na shekara 18.6.

Wani abin lura a gefe: farin dutsen da aka gina Sawakin da Balad, tsohon garin Jidda, da shi murjani ne, kuma tudun tsohon murjani da ke sama da ruwa a gaɓar nan da yawansa na zamanin da ya wuce da wajen shekara 125,000 ne, lokacin da teku ya fi na yau da mita 5 zuwa 10. Motsin ƙasa ya ɗaga wasu, amma ruwan da ya rufe su daga ƙanƙarar nan ya fito.

Ɗan Karantina, Jidda

Allah ya ƙara ilimi, Malama da Yallaɓai duka biyu. Wurin da nake magana kuwa dandamalin murjani ne a gabansa. To in mai aiki ya ƙi biyan kuɗin mita 1 yau, ni kuma ba na son sa hannu a kan santimita 30 kawai, akwai tsaka-tsaki?

Injiniyan Gaɓa, Yanbu

Gyaran ɗan'uwana na Bur Sudan ya karɓu. In murjani ne a gaba, a ajiye Bruun, a bi zurfin dandamali. Ita Bruun ana amfani da ita a 'yan wuraren da yashi ya yi kauri, bakin kwari da makamantansu.

Tsaka-tsakin akwai, kuma shi ne ma daidai: tushe na gobe, kai na yau. Abin da ke da tsadar sakewa shi ne na ƙasa. A faɗaɗa tushen katanga yadda zai ɗauki ƙarin mita 1 nan gaba, a gina saman a kan santimita 30 zuwa 40 haɗe da matakin hunturu da tsayin igiya, a bar faɗin da za a ɗora ƙari. Kada a bar rodi tsirara yana jiran ƙarin, iskar gishiri za ta cinye shi cikin 'yan shekaru. A rufe shi da kankare mara ƙarfi da za a iya fasawa, ko a bar ramukan da za a dasa sabo. Haka Ingila ta tsara kare Landan a bakin kogin Tems: an jera matakai, kowanne da alamar da za ta sa a fara shi, ba a ɗaure kai da shekara ba.

Kai ma rubuta alamominka a takarda. Misali: in matsakaicin shekara a ma'aunin tasha ya haura na ranar gini da santimita 20, ko ruwa ya tsallake katanga fiye da sau biyu a hunturu ɗaya, a fara mataki na biyu. A kafa turakun siminti a bayan gaɓa duk mita 50 zuwa 100, a auna siffar gaɓa daga kowanne sau biyu a shekara, Janairu da Agusta. Don tarihi, hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat suna nan kyauta tun daga na 1984, ƙwayarsu, wato kowane ɗigo na hoton, mita 30, na Sentinel-2 tun 2015, ƙwayarsu mita 10. Ka fitar da layin gaɓa na wata ɗaya a kowace shekara, kada ka gwama na hunturu da na zafi. In ka ga wurin yana cin mita 1 a shekara tun yanzu, to ba Antaktika ba ce, nemi dalilin a kusa: maƙwabcin da ya miƙa katanga cikin ruwa ya tare yashi, ko hanyar jirgi da aka fasa a murjani, ko kwarin da aka datse. Bar Beach ta Legas katangun bakin tashar jirgi da aka gina farkon ƙarnin jiya ne suka hana ta yashi. Bakin Nilu a Rashid zaizayarsa ta tsananta ne bayan babbar madatsar Aswan ta riƙe laka. Ruwa ba ya tsami banza.

Katangar kanta ba ta saman take yawan mutuwa ba. Igiya ta doki tsayayyen bango ta dawo, ta haƙe yashin gindinsa, bangon ya kifa gaba. Ko ruwa ya riƙa tsotse ƙasar da ke bayansa ta tsagogi har rami ya buɗe ƙarƙashin daɓe. Ko ya zagaya ta ƙarshen katangar ya ci ta baya. Maganinsu: a kai gindi har kan dutse ko a shimfiɗa masa duwatsu a gaba, a sa zanen tace ƙasa tsakanin cikon da duwatsun, a bar ƙofofin fitar ruwa, a lanƙwasa ƙarshen biyu zuwa cikin tudu. Gangaren duwatsu ya fi tsayayyen bango, yana shanye igiya kuma ƙara masa tsayi ba wuya. Kankare a yi shi mai tsauri, kaurin da ke rufe rodi ya kai milimita 75. Siminti mai jure salfa shi kaɗai ba ya hana gishirin teku kaiwa ga rodi, wannan kuskure ne da ake yawan yi a nan.

Abin da zai fara ba ku matsala ma ina zaton magudana ce. Ruwan Jidda a hunturu yake zuwa, na 2009 da na 2022 duk a Nuwamba suka yi ɓarna, daidai lokacin da bahar ke hawa. A ce bututu ya cika, bakinsa a nutse, bambancin matakin ruwa tsakanin farkonsa da teku mita 1 ne. Teku ya hau da santimita 30, saura 70, ruwan da bututun ke fitarwa ya ragu da wajen kashi 16 cikin 100. Ya hau da 60, ragin ya kusa kashi 37. A sa marfi mai buɗewa waje ɗaya a bakin bututu, a san cewa yashi da ƙananan halittun teku suna maƙale shi in ba a duba shi kafin kowane hunturu, a kuma ware fili da layin wuta na famfo tun yanzu ko da ba a sayi famfon ba. Ruwan ƙarƙashin ƙasa shi ma yana bin teku sama, don haka ɗakin ƙasa da tankin ruwa na ƙasa a bakin bahar ba na ba da shawararsu.

Tazara kuwa ita ce mafi arha cikin duka. A sa wurin ajiye motoci da lambu da rumfuna a gaba, gini mai nauyi a baya.

Malamar Teku, Tuwal

Ƙari kaɗan, don kada a ɗauka mita 2 ita ce ake jira. A 2024 Morlighem da abokan aikinsa sun gwada ruftawar bangon ƙanƙara a kan Thwaites da lissafin kwamfuta iri uku masu ƙwaya ƙanana, suka ga da wuya ta kama shi a wannan ƙarnin. Hakan ya rage wa waccan wutsiya nauyi, amma bai taɓa matsalar tasa ba, ita tana nan. Kuma 2100 ba tasha ba ce. Ko a hanyar tsaka-tsaki, IPCC ta ba da santimita 66 zuwa mita 1.33 a 2150. Shi ya sa na fi son a juya tambayar: maimakon nawa ne a 2100, a ce yaushe za a kai santimita 50, yaushe za a kai mita 1. Injiniya ya fi jin daɗin wannan, domin tsarin ba ya canzawa, ranar ce ke matsowa ko ta ja baya.

Malam, NASA tana da shafi na kyauta da ke ɗauke da hasashen IPCC wuri-wuri. Ka zaɓi wurinku, ka fitar da hanyar tsaka-tsaki, da ta hayaƙi mai yawa, da wadda aka yi wa alamar ƙarancin tabbas, ka sa ukun a shafi ɗaya. Ka tuna bai san nutsewar filinku ba. In wurin ciko ne a kan sabka, zai iya sauka da abin da ya fi hauhawar teku a shekarun farko, kuma wannan sai hotunan rada na Sentinel-1 ko awon turaku.

Na Bakin Kurnish, Dammam

Jama'a, kada wani na wannan ɓangaren ya kwafi lambobin nan kai tsaye. Tekun Fasha matsakaicin zurfinsa wajen mita 35 ne kawai, cika da janyewarsa ta kai mita 1 zuwa 2 a gaɓarmu, iskar arewa da ake kira shamal tana tura ruwa, kuma babban ɓangare na bakin Dammam da Katif ciko ne. Hauhawar duniya ɗaya ce, amma matakin da za ka ɗora ta a kai daban yake.

Injiniya, tambaya gare ka: zanen tace ƙasa da ka ambata, a cikon da yashinsa ya yi laushi sosai kamar namu, wane girman ƙofa kake zaɓa don kada ya toshe?